Jirgin da Zai Komo da Maharbi

Kogin Kaduna, a inda ya raba Barnawa da tsakiyar gari, mai sauƙin kai ne a mafi yawan watannin shekara. Da rani yakan janye har duwatsun cikinsa su fito su sha rana. Masu haƙar yashi kan loda kwale-kwale har ruwa ya kusa taɓa bakinsa, su turo shi gaɓa da gora suna hira, hankali kwance. Suna da dalilinsu: tudu yana kusa, iska kuma ba ta da filin da za ta yi gudu a kan ruwan. In ka cire makonnin Agusta da Satumba da yake tumbatsa ya shiga gidajen mutane, kogin yana yafe wa mai ganganci. Wanda saninsa da ruwa ya tsaya a nan zai ɗauka kowane jirgi jirgi ne, muddin ba ya yoyo.

Amma ruwan nan ba a Kaduna ya tsaya ba. Yana gangarawa kudu maso yamma, a Shiroro ta Jihar Neja madatsar da aka gama a 1990 ta tare shi ya zama tafki, daga nan ya wuce Zungeru, ya faɗa kogin Kwara a Muregi ta ƙasar Nufawa. Can sama da wannan mahaɗa kuma ga tafkin Kainji da aka datse a 1968, tsawonsa ya haura kilomita 130, faɗinsa a tsakiya ya kai kilomita 24. In hazo ya sauko kana tsakiyarsa, ba ka ganin tudu ta kowace fuska. A irin waɗannan ruwaye, da fadamun da suka tashi daga Haɗeja zuwa Nguru, da tafkin Chadi, ake samun tsuntsayen da maharbin ruwa ke bi: dinya, wadda namijinta kan wuce kilo 5, da dani mai ƙullutu a saman baki, da kirinjijiya mai tafiya garke-garke tana feɗuwa, da ƙananan agwagin da ke ƙetaro Sahara daga Turai da Rasha tun watan Oktoba su zauna har Maris.

Ga inda gizo ke saƙar. Tsuntsu da ruwa, kowanne da irin jirgin da yake tilasta wa mutum. Tsuntsu yana tilasta maka jirgi gajere a tsayi, siriri, wanda zai lafe a cikin burugu da kacala, ya ratsa ruwan da bai wuce taƙi ɗaya ba, ya matso ba motsi ba ƙara. Buɗaɗɗen ruwa kuwa yana neman jirgi mai tsayin gefe, mai ɗagaggen goshi, mai tsawo da nauyi. Abin da ya gamsar da ɗaya shi ke ɓata wa ɗaya. Kuma ba ka da zaɓin guje wa ko ɗaya, domin tsuntsayen suna kiwo ne a ruwa marar zurfi na gefen gungu ko na tsallake, kai kuma sai ka ratsa zurfin kafin ka isa gare su. Daɗin daɗawa, lokacin da suka fi yawa shi ne lokacin hunturu. Da sanyin safiya ruwan yana kwance lumui. Kafin hantsi ya dubi ludayi iskar arewa maso gabas ta taso. Ke nan a kan wani ruwa maharbi ke fita, a kan wani yake komowa, gwani kuma saboda na komowar yake zaɓen jirginsa.

Abu uku ke gina igiyar ruwa: ƙarfin iska, da daɗewar da ta yi tana kaɗawa, da nisan da ta yi a kan ruwa ba abin da ya tare ta. Na ukun nan shi ne wanda mutanen tudu ba su cika lura da shi ba. Iskar da za ta ɗan murtuke fuskar kogi a Barnawa, ita ce dai in ta samu kilomita 20 na fili a Kainji za ta tara igiyoyi masu farin kai. Igiyar tafki kuma tana da nata sharrin. Gajeriya ce, a tsaye take, ɗaya na bin ɗaya kurkusa, musamman inda zurfi ya ragu. Jirgi bai gama sauka daga ta farko ba ta biyu ta mare shi a goshi. Shi ya sa tambayar farko da gwani ke yi wa mai son saye ba ta shafi kuɗi ba: "Wane ruwa za ka shiga, Alhaji, kuma ta wace fuska iska ke bugun inda za ka sauka?"

Masu irin wannan sani suna nan. A ƙasar Yauri akwai Gungawa, mutanen tsibiran Kwara, akwai Sarkawa da suka bazu daga Kabi suka bi kogi da tafki har ƙasashen maƙwabta, a Muregi akwai Nufawa da suka gaji tuƙi kaka da kakanni. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, cikin wasannin ruwan da ake kira kabanci har da kamun agwagwar daji da hannu, a Yauri kuma ana bikin Rigata. Abin da ke burge ni game da ire-irensu ya wuce abin da ake nunawa ranar biki. Shi ne yadda dattijo ke zuwa kwata, wato inda jirage ke tsayawa, ya zagaya jirgi sau ɗaya bai ce uffan ba, hannunsa na bin katakon, ya ɗago ya riga ya san rabin tarihinsa.

Da itace yake farawa. In jirgin na sassaƙa ne, wanda aka rarake daga gungume guda da gatari da gizago, zai so ya san wace bishiya ce. Maɗaci shi ne abin so: yana da ƙwari, bai cika nauyi ba, yana jure ruwa. Kawo ya fi shi daɗewa amma ya fi shi nauyi, sai ya zauna ƙasa-ƙasa a ruwa. Rimi yana da sauƙin sassaƙa, yana ba da ƙaton jirgi marar nauyi a farashi mai daɗi, sai dai yana shan ruwa kuma ba ya daɗewa bai ruɓe ba. Ba yau aka san haka ba. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani itace a zurfin mita 5. Da masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon mita 8.4, da shekaru kusan 8,000 a duniya, mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Na dangin maɗaci ne, goshinsa da ƙarshensa a fiƙe tsaf. Wanda ya sassaƙa shi ya san abin da yake yi.

Sanin sunan bishiya bai isa ba. Gwani zai ƙwanƙwasa jikin jirgin da ƙotar gizago ko da bayan wuƙa, taƙi bayan taƙi, tun daga goshi har ƙarshe, kunnensa a karkace. Lafiyayyen itace yana amsawa da ƙara mai kaifi. Inda ya fara ruɓewa daga ciki, amsar takan zo a dakushe. Nan zai tsaya ya soka bakin wuƙa. In ta ƙi shiga, madalla. In ta nutse ba gardama, ya gano abin da fenti ya ɓoye. Wuraren da ya fi matsa wa su ne ƙasan ciki inda ruwa ke kwana, da layin da ruwa ke tsayawa a jikin jirgin daga waje, domin itacen da ke jiƙa yana bushewa kullum ya fi wanda ke cikin ruwa dindindin saurin lalacewa. Zai duba ko masassaƙin ya bar farar tsokar nan ta bayan ɓawo a gefuna don jirgin ya yi faɗi, domin ita ƙwaro ke fara ci. Sai ya leƙa ƙarshen biyu, inda zuciyar gungumen take, ya nemi tsaga. Ƙaramar tsaga da aka ɗaure da langa-langa tun da wuri ba ta hana ciniki. Wadda ta miƙe ta bi tsawon jirgin ta gangara ƙasa da layin ruwa kuwa, ko kyauta aka ba shi ba zai shiga Kainji da ita ba.

Akwai wani gwaji da yake yi da tafin hannu biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, yana jan su tare daga baki zuwa ƙasa. Kauri yake aunawa. Jirgin kirki bakinsa ya fi sirantaka, yana ƙara kauri yana gangarawa, ƙasansa ya fi ko'ina. Hakan na tara nauyin a ƙasa, inda yake taimakon jirgin ya tsaya daidai, kuma ƙasan ne ke gogar yashi da dutse. Malalacin masassaƙi yakan bar gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri don gudun wahalar gyara. Ba ka ganin wannan a tudu. Sai an tura jirgin ruwa ba kowa a ciki, ka koma baya ka tsuguna ka dube shi daga goshi, ka ga ya ɗan langaɓe. Wannan ɗan langaɓewar, da safe ba komai ba ce. A kan hanyar komowa, ta nan ruwa zai fara shiga.

Manyan bishiyoyi sun yi ƙaranci, don haka galibin jiragen da ke manyan ruwayenmu yanzu na katako ne, an jera allo kan allo an buga da ƙusa. A nan idon gwani kan koma kan haɗi. Zai bi kowane layi da ɗan yatsa ya ga da me aka toshe shi. Aikin ƙwarai shi ne a cusa auduga ko tsumma da bakin ƙarfe har ya cika tsagin, a narka kwalta a zuba, a rufe da siririn gwangwani a bi shi da ƙananan ƙusoshi kurkusa. Aikin ha'inci shi ne a shafa kwalta a sama kawai, ta yi baƙi ta yi ƙyalli, ciki kuwa fayau. Zai duba kan ƙusoshin. Jan zane da ya gangaro daga ƙusa yana nufin tsatsa ta ci ta, wataƙila saura kai kawai. Zai ƙirga haƙarƙarin jirgin, wato sandunan da ke riƙe allunan daga ciki, ya ga tazararsu, ya taka kowanne ya ji ko zai yi ƙara. Daga nan sai ya kama baki ɗaya ya sa yaronsa ya kama na can ƙarshe, su murɗa, wannan ya danna dama wancan ya danna hagu. Jirgin da ya amsa murɗar nan a tudu, igiyar ruwa za ta yi masa fiye da haka sau dubu a yini, har haɗin ya buɗe.

Sabon fenti ba ya burge shi, yakan ma sa ya ƙara zargi. Haka jirgin da ya daɗe a kife a rana: katako ya bushe ya tsuke, haɗi ya saki. Irin wannan sai ya kwana biyu a ruwa ya sha ya kumbura kafin a yanke masa hukunci. Mai gaggawa ba ya iya jiran kwana biyun nan, shi ya sa yake sayen abin da bai sani ba.

Siffar ƙasan jirgi ita ce inda sabon shiga ya fi ruɗuwa. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa yana da daɗin shiga. Ka taka shi bai girgiza ba, ka miƙe tsaye a ciki ka ji kamar kana tudu, ga shi yana wucewa a ruwa kaɗan. Amma shi fuskar ruwa yake bi. In ruwa ya karkata ya karkata tare da shi, in igiya ta bugo daga gefe ya ɗaga gefe ɗaya gaba ɗaya, kuma ba ya gargaɗi: yana tsaye ƙyam har zuwa wani mizani, yana wuce shi ya kife nan take. Mai zagayayyen ƙasa kuwa yana ba sabon shiga tsoro, yana rawa tun a bakin gaɓa, sai dai igiya na wucewa ta ƙarƙashinsa ba ta juya shi sosai, kuma yana ƙara turjewa yayin da yake ƙara karkata. Abin da gwani ke nema wa maharbin babban ruwa yana tsakani: ƙasa mai ɗan faɗi a tsakiya don ratsa ciyawa, gefuna masu buɗewa waje suna hawa, ta yadda duk sanda jirgin ya jingina ƙarin itace ke shiga ruwa ya tura shi ya dawo, da goshi mai kaifi da ya ɗaga sama don ya yanka igiya ya watsar da ita gefe. Zai kuma kwanta ya dubi ƙasan daga goshi zuwa ƙarshe. In miƙaƙƙe ne sak, jirgin zai yi gudu amma zai caki igiya maimakon ya hau ta. In ya lanƙwasa sama kaɗan a ƙarshen biyu, zai hau, zai kuma juya da sauri.

Tsawo ma da nasa hisabin. Gajeren jirgi na faɗawa tsakanin igiya da igiya, dogo yana kwanciya a kan biyu ko uku a lokaci guda. Amma kowane kamu da ka ƙara, ka ƙara wa iska abin kamawa, ka ƙara wa hannunka aiki a cikin ciyawa.

Sai tsayin baki, wato abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgi. Wannan ba a auna shi jirgi na wofi. Gwani zai ce a kawo duk abin da za a fita da shi: mutum biyu, bindiga, jarkar mai, inji in akwai, guzuri, dutsen da ake ɗaure wa igiya a jefa don tsayar da jirgi. Zai ƙara da wani abu a madadin tsuntsayen da ake fatan samu, domin dinya shida nauyin yaro ne. Sannan ya sa taƙinsa a tsakiyar jirgin, inda bakin ya fi kusa da ruwa. Abin da mai yashi zai yarda da shi a kogi, shi ba zai yarda da ninkinsa ba. Kuma yana kallon yadda jirgin ya zauna: in goshi ya nutse zai sha ruwa daga gaba, in ƙarshe ya nutse igiyar da ke biye za ta hau ta baya. "Matsa gaba kaɗan, yaro. Ja jarkar tsakiya. Yawwa." Da ɗan wannan jan kaya na taƙi biyu yake daidaita abin da wani zai ce laifin jirgi ne.

Yana tsananta wa tsayin baki ne saboda ya san halin ruwan da ya riga ya shigo. Lissafin ba shi da wuya. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Jirgin da cikinsa ke da tsawon mita 5 da faɗin santimita 80, in ruwa ya kwanta a ciki zurfin santimita 5 kacal, wanda ko idon sawu bai rufe ba, ya ɗauki kilo 200, nauyin buhun siminti huɗu. Buhu ma yana zama inda aka ajiye shi. Ruwa kuwa duk gefen da jirgi ya karkata can yake rugawa, ya ƙara danna gefen da ke nutsewa. Saboda haka gwangwanin kwarfe ruwa yana cikin kayan aiki na farko, a ɗaure da igiya don kada ya bi ruwa, kuma ƙasan jirgin ya zama da wuri guda da ruwa ke taruwa kusa da mai kwarfa, ba tarkace a kai. Yaron da ke koyon sana'ar da kwarfa yake farawa, kafin a ba shi filafili.

Duk wannan kowane masunci ya san shi. Abin da ya keɓanta da maharbi abu biyu ne, kuma a lokacinsu ne jirgi ya fi kifewa da mutane. Na farko harbi. Bindiga tana tokarin mai ita da baya, musamman adaka da aka ɗura wa albarushi da hannu. In mutum yana tsaye ya harba ta gefe, nauyinsa yana sama, tokarin ya tura shi waje, idonsa kuma yana kan tsuntsu. Don haka gwani ke son jirgin da mutum zai zauna ko ya durƙusa a ƙasansa, gwiwoyinsa su tokare gefe biyu, matuƙi kuma ya juya goshin ya fuskanci tsuntsun, tokarin ya bi tsawon jirgin inda ba zai yi komai ba. Benci mai tsayi, komai daɗin zamansa, cire shi yake sa a yi. Na biyu ɗauko abin da aka harba. Maharbi ya yi bisimilla ya harba, yana son ya riski tsuntsun da rai ya yanka, ga gaggawa ga murna, sai mutum biyu su miƙa hannu gefe ɗaya. Gwani yana gwada wannan tun a kwata. Zai durƙusa ya miƙa hannu waje iya tsawonsa kamar mai ɗauko wani abu, yaron ya jingina ɗaya gefen, ya ga ko bakin zai sha ruwa.

Bayan haka sai abin da tsuntsu ke gani da ji. Maharban tudu sun daɗe da sanin dabarar ɗaura kan burtu a goshi su shiga cikin dabbobi a sunkuye. A ruwa jirgin ne ke yin ɓad-da-kamar. Launin tsohon katako, toka-toka ko ruwan ƙasa, ya fi kowane fenti. Ƙyallin gwangwani a rana yana tashin garke daga nesa. Jirgin ƙarfe ko na alminiyam yana amsa kowane taɓi, harsashi ɗaya ya faɗi a ƙasansa an gama farautar safiyar. Katako yana haɗiye ƙara, in an shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa ya ƙara. Ciyawar da za a lulluɓe jirgin da ita kuwa, a can ake yanka ta, a can ake zubar da ita. Wanda ya ratsa buɗaɗɗen ruwa da ita a tsaye a gefen jirginsa ya ba iska abin turawa.

Wasu ƙasashen ma sun yi fama da wannan ja-in-ja tsakanin tsuntsu da ruwa. A gaɓar Barnegat ta jihar New Jersey a Amurka, wani mai suna Hazelton Seaman ya ƙera wani ɗan jirgi a 1836, tsawonsa bai kai mita 4 ba, ƙasa-ƙasa yake ƙwarai, amma an rufe samansa da katako an bar rami guda inda maharbi ke zama, da ɗan labulen tamfol a gaba. Igiya ta hau ta wuce ba ta samu ƙofar shiga ba. Dabara ce da kafintan kwata zai iya kwaikwaya da 'yan alluna ko tamfol a kan sulusin gaba na jirgi. A Amurkar dai, ranar 11 ga Nuwamba 1940, gari ya waye da ɗumi, agwagi suka cika kogin Misisifi, maharba suka fita a ƙananan jirage da tufafi marasa kauri. Da rana guguwar dusar ƙanƙara ta sauko, igiyoyi suka hana su komowa, da dama suka mutu a tsibirai da cikin ruwa. Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da hadarin farkon damina da na ƙarshenta, wanda ke tasowa daga gabas da iska a gabansa, ya birkita tafki kafin ɗigon farko ya sauka. Wata hanyar da ta fi kowacce kwanciyar hankali, ga mai hali, ita ce jirgi biyu: babba ya ratsa da kai yana jan ƙarami a baya, in an isa ciyawa a ɗaure babban a shiga ƙaramin.

Inji yana rage nisa, yana kuma sa mutum ya je inda hannunsa ba zai iya dawo da shi ba. Gwani zai duba allon baya da ake maƙala injin, ya girgiza shi da ƙarfi, domin nan ne ruɓa ke ɓuya. Ba ya son injin da ya fi ƙarfin jirgin, wanda zai danne baya ya ɗaga goshi. Man da ya ɗauka kashi uku yake raba shi a ransa: na zuwa, na dawowa, da na abin da Allah zai kawo, domin komowa gaba da iska ta fi cin mai. Yana da filogi na ajiya da wuƙar yanke kainuwa ko tsohon taru in ya naɗe farfela. Filafili biyu da gora ba sa barin jirgin ko da injin sabo ne fil. Ga kuma abin da ke ƙarƙashi. Da aka datse Kainji ruwa ya haɗiye garuruwa, har da tsohuwar Busa inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya haɗiye dazuzzuka, kututturansu kuma suna nan tsaye. Kwara tana kawo ruwa sau biyu a shekara, na daminarmu mai laka, da wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini ya daɗe a fadamun Mali ya iso da hunturu. Tafkin yana hawa yana sauka, kututturen da ka gani a wannan wata yana ƙarƙashin ruwa da taƙi ɗaya a wani. Jirgi mai siririn ƙasa da gudun inji ba ya tsira daga irin wannan karo.

Ba a rasa abin tunawa ba. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse a kan hanyarsa ta zuwa Wara a Jihar Kebbi. A Nuwamban shekarar wani ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne, Allah ya jiƙansu. Na fasinja ne duka biyun, amma ruwa bai san bambancin fasinja da maharbi ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa tana hana tafiyar dare tana kuma wajabta rigar kariya, kuma maharbi ya fi kowa buƙatarta, shi da ke fita cikin sanyi da kaya masu nauyi a jiki. Akwai kuma ruwan da ba na farauta ba ne ko da jirginka ya fi na kowa. Dagona a Jihar Yobe mafakar tsuntsaye ce a ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na yankin Chadi, bindiga ba ta shiga. Maharbin da ya san mutuncin sana'arsa yana da lasin bindigarsa, yana gaida Sarkin Ruwa kafin ya tura jirgi a ruwan da ba na garinsu ba, ya tambaye shi inda dorina ke kwana.

Gwajin ƙarshe shi ne wanda mai saye ba ya so, mai sayarwa ma ba ya so. Gwani zai sa a fitar da kaya, a ja jirgin zuwa inda ruwa ya kai ƙirji, a cika shi da gangan har ya nutse zuwa baki. Yana son ya ga abin da zai yi a ranar da komai ya lalace. Na maɗaci yakan tsaya a saman ruwa, bakinsa daidai da fuskar ruwan, mutum biyu su riƙe shi su huta. Na kawo, ko wanda aka maƙala wa inji, yana iya yin ƙasa. Na fayiba da na ƙarfe, in ba a gina musu ɗakin iska ko an cusa musu soso ba, tafiya suke yi gaba ɗaya. Maganin yana da arha: jarkokin wofi a toshe da kyau, a ɗaure su tamau a ƙarƙashin sandunan gicciye, gaba da baya. Kowace jarka mai lita 25 tana ɗaga kusan kilo 25. Sai ya nuna wa mai sayen yadda ake fitar da ruwan: a kama ƙarshen jirgin a tura shi gaba a fizgo shi baya, ruwan ya yi tsalle ya fita ta goshi, a maimaita har baki ya ɗago, yaro ya hau ta ƙarshe, ba ta gefe ba, ya ci gaba da kwarfa. Zai sa mai sayen ya yi da hannunsa, da rigarsa a jiki, har sai ya iya.

Sai an fito an matse riguna ake zama a kan tabarma. Mai jirgi ya faɗi kuɗinsa, gwani ya lissafa masa haƙarƙari biyu da za a sauya, da haɗin baya da za a sake cusa wa auduga, da bencin da za a cire, ya taya. "Albarka, Baba," in ji mai jirgi. A ƙara, a rage, a kira kafinta ya faɗi kuɗin gyara a cire daga ciki. In an sallama, jirgin zai ƙara kwana a kwata har kwaltar ta kama, a sake loda shi a sake aunawa da taƙi kafin a sa ranar fita.